Kwalbar da ta zo Gaweye: tarihin inabin Burgonya da ƙasar da ta gaji

Wanda ya taɓa zuwa Yamai ya san gadar Kenedi. An buɗe ta a 1970. In ka tsaya bisa gadar, ka dubi gaɓar birni, za ka hangi wani dogon bene a bakin kogi. Shi ne otel Gaweye.

Dā can ba bene a wurin. Unguwa ce, ɗaya daga cikin unguwannin farko na Yamai, tare da Kalle da Mauri da Zango. Da Zabarmanci, gaw shi ne mafarauci, daga nan sunan ya fito. Mutanen unguwar suna nan tun kafin Faransawa su ɗauke babban birni daga Damagaram su kawo shi Yamai a 1926. Sai kuɗin yuraniyam suka shigo. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, a Akuta kuma a 1978. A zamanin mulkin Seyni Kunce aka tashi tsohuwar unguwar, aka gina otel da babban zauren taro a wurinta. Mutane sun tashi, suna ya zauna.

Baƙin da ke sauka irin wannan masauki a shekarun nan, da yawansu Turawa ne. Bafaranshe kuwa ba ya son cin abinci ba giyar inabi a gabansa. Saboda haka aka riƙa kawo ta cikin kwalabe. Jirgin ruwa ya sauke ta Kotonu, jirgin ƙasa ya kai ta Faraku, manyan motoci su ɗauko ta su ƙetare gadar Gaya, su bi ta Doso har Yamai. Tafiyar ƙasa kaɗai ta fi kilomita 1000.

Mafi yawanmu Musulmi ne. Giya haram ce, ba mai gardama a kan wannan, ba kuma tallarta za mu yi ba. Amma kafin abin ya shiga kwalba, gona ya fito. Mai noman inabi manomi ne kamarmu. Yana duban sama, yana tsoron ƙwari, yana cin bashi. Kuma ƙasarsa ta taɓa gajiya har ta kusa mutuwa. Yadda ta gaji da yadda aka farfaɗo da ita, shi ne labarinmu na yau.

Itacen da ba ya son zafi

Inabi ba baƙonmu ba ne. Sunansa daga Larabci muka samo shi. Alhazai suna kawo busasshensa tsaraba, wato zabibi. Ana samunsa a garaken Timiya cikin duwatsun Ayar, kuma manoman Kudan, kusa da Zariya, sun yi suna wajen nomansa a ƴan shekarun nan. Wannan duk na ci ne.

Matse shi a bar ruwan ya yi tsami tsohuwar sana'a ce. A ƙasar Jojiya, gabas da Turai, masu tonon tarihi sun sami fasassun randuna masu alamar giyar inabi, waɗanda suka kai shekara 8000. Har yau mutanen can suna binne randa a ƙasa har wuya, kamar yadda matanmu ke binne randar ruwa don ya yi sanyi.

Inabi iri-iri ne, kamar gero. Wanda muke magana a kansa, a jikin kwalba ana rubuta shi pinot noir, ana faɗinsa fino nuwar. Nuwar baƙi ke nan da Faransanci. Ƴaƴansa ƙanana ne, a cunkushe, fatarsu siririya. Zafi ya yi yawa ya ƙone, ruwa ya yi yawa ya ruɓe. Itace ne mai shagwaɓa. Gidansa na asali wani yanki ne a gabashin Faransa da ake kira Burgonya, a jikin wani dogon tudu tsakanin garin Dijon da garin Bon da ɗan gaba.

A 1098 waɗansu malaman Kirista ƴan zuhudu suka kafa gidan ibada a wani wuri mai suna Sito. Masu arziki suka riƙa ba su filaye sadaka. Mutanen nan suna da abu biyu da talakan zamaninsu ba shi da su: lokaci da rubutu. Tsara ta wuce, tsara ta zo, gonar tana hannun gida ɗaya. A hankali aka gane wane fili ke riƙe ruwa, wane ke nuna da wuri, wane ke ba da kaɗan amma mai kyau. Aka gane gona biyu da ƴar hanya kawai ta raba su, amfaninsu ba ɗaya ba. Suka kewaye babbar gonarsu da katangar dutse. Sunanta Clos de Vougeot, hekta 50 ce, an gama katangar wajen 1336, tana nan har gobe.

Mai karatu, ka lura da wannan. Kai ma ka san inda jigawa take a gonarka da inda fadama take. Ka san gindin gawon da geronsa ya fi tsawo. Bambancin kawai, su abin da suka sani yana da inda ake ajiye shi. In tsoho ya mutu, saninsa bai bi shi kabari ba.

A 1395 sarkin Burgonya, Filib Jarumi, ya yi doka. Akwai wani irin inabi mai suna game, mai yawan ƴaƴa, talakawa suna sonsa don yana cika ganga. Sarki ya ce yana ɓata sunan ƙasa, a tumɓuke shi, a bar fino. A cikin wannan doka har ya tsawata wa masu zuba taki da yawa a gindin inabi, wai yana ɓata ɗanɗano. Ka riƙe wannan magana, za mu komo kanta. Tun ran nan gardama ɗaya ce a Burgonya: yawa ko kyau?

Da aka yi juyin mulki a Faransa a 1789, sabuwar gwamnati ta ƙwace gonakin coci ta sayar. Daga baya dokar Nafoliyon ta 1804 ta ce a raba gado tsakanin ƴaƴa duka. Gona ta yi ta tsagewa. Yau gonar nan mai katanga tana da masu ita wajen 80, wani layuka kaɗan ne nasa. Wanda ya ga yadda gandun kakansa ya zama gayauni ƙanana ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ƙwaron da ya ƙetaro teku

Wajen 1863 inabi ya fara bushewa a kudancin Faransa. Ganye ya yi ja, itace ya mutu, ba a ga dalili ba. Sai a 1868 wani masani mai suna Planchon da abokan aikinsa suka tone saiwa, suka ga ƙwari ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, suna tsotsar ta. Aka sa musu suna filoksera. Daga Amurka suka zo, a jikin dashen da masu sha'awar itatuwa suka kawo cikin jirgin ruwa.

Ba abin da ba a gwada ba. An cika gonaki da ruwa. An tsira wa ƙasa guba da wata babbar allura. Gwamnati ta sa kyautar kuɗi ga wanda ya samo magani. Ƙwaro bai tsaya ba. Ya iso Burgonya a 1878. Tsakanin 1875 da 1889, giyar da Faransa ke samu ta faɗi, ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na dā ba. Ƙananan manoma suka sayar da filaye, suka shiga birane neman aiki.

Maganin da ya yi aiki, kai ma ka san shi. Aure ne, irin na mangwaro. Inabin Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa ba ta mutuwa. Sai a dasa shi, a yanke kansa, a aura masa reshen fino. Gindi na Amurka, ƴaƴa na Faransa. Manyan Burgonya suka ƙi, suka ce wulaƙanci ne ga itacen kakanninsu, har hukuma ta hana. Talakawa suka yi ta yi a ɓoye. Sai a 1887 aka ba da izini. Yau kusan duk inabin Faransa mai aure ne.

Annobar nan ta taɓa maƙwabtanmu. Faransawa da yawa suka ƙetara Aljeriya suka shuka inabi. A shekarun 1930 gonakinsa a can sun kai kusan hekta 400,000. Ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi waje. Ƙasar da za ta ba da alkama ta koma ba da abin da masu ita ba su sha. Bayan ƴancin kai a 1962, kasuwar Faransa ta rufe a hankali, aka tumɓuke da yawansu a zamanin Bumadyan.

Ƙoshi ma yana kisa

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, sabon zamani ya shigo Burgonya. Tarakta ta kori doki. Takin zamani ya yi arha. Maganin ciyawa ya zo, manomi ya huta da noma. Kada mu yi musu dariya. Wanda ya yini a duƙe a jikin tudu, in aka ba shi abin da zai fesa da safe ya koma gida, zai karɓa da hannu biyu. Mu ma za mu karɓa.

Shekara 30 ana haka. Ganga ta cika, kuɗi suka shigo. Amma a ƙarƙashi wani abu yana faruwa. Da doki ya tafi, kashinsa ya tafi. Nauyin tarakta ya danne ƙasa ta yi tauri. Tana ta ragu. Ruwan sama ya daina shiga, sai ya kwashi ƙasa ya gangara da ita gindin tudu. Saiwa ta daina nitsewa, tunda abinci yana sama. Wani sinadarin taki da ake kira fotas ya taru ya yi yawa, ya rage wa inabi ɗan tsamin da ke sa giyarsa ta daɗe ba ta lalace ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1980, wani masanin ƙasa mai suna Claude Bourguignon ya auna ƙasar gonakin. Ya ce wa masu su, ƙananan halittun da ke cikin ƙasarsu ba su kai na rairayin Sahara ba. Maganar ta yi musu zafi. Mu da muke maƙwabtan Sahara mun san nauyinta.

Sai waɗansu suka juya baya. Suka daina takin zamani da maganin ciyawa, suka koma takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye da garma. Faransawa suna ce wa wannan noman biyo. Ba wai sun daina feshi ƙwata-ƙwata ba. Cutar fumfuna tana cin ganyen inabi, don haka suna fesa farar wuta, da wani haɗi na tagulla da farar ƙasa wanda aka gano tun 1885. Tagullar ma in ta taru tana cutar ƙasa. Ba noman da ba shi da nasa ciwon kai.

Waɗansu suka wuce nan, suka bi koyarwar wani mutumin Ostiriya mai suna Rudolf Steiner. A watan Yuni na 1924 ya yi wa manoma lacca takwas a Koberwitz, wani ƙauye da yanzu yake cikin ƙasar Folan. Shi ba manomi ba ne. Ya ce gona kamar jiki ɗaya take: dabba ta ci daga gona, gona ta ci daga dabba, kada a dogara da abin da za a sayo daga waje. Ana kiran hanyarsa biyodinami.

Ga abin da ya fi ba mutane mamaki a cikinta. A sami ƙahon saniya, a cika shi da kashin shanu, a binne shi farkon hunturu. Bayan wata shida a tono. Kashin ya zama baƙi, ba wari. A ɗebi kamar cikin tafin hannu, a zuba a ruwa, a yi ta juyawa awa guda, hagu da dama, a yayyafa wa hekta ɗaya. Sannan suna duban wata da taurari kafin su yi aski ga itace ko su yi dashe. Tsofaffinmu da ke duban Kaza da ƴaƴanta don sanin kusantar damina ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Ba ƙananan mutane suka karɓe ta ba. Wata mata mai suna Lalou Bize-Leroy ta sayi gonaki a 1988 ta sa su kan wannan hanya. A 1993 fumfuna ta cinye mata amfani mai yawa, maƙwabta suka yi ta surutu, ba ta fasa ba. Gidan da ya fi kowane suna a Burgonya, mai gonar Romanée-Conti, ya koma noman biyo a 1985, daga baya ya shiga biyodinami, har ya dawo da doki yana jan garma. Gonar nan ba ta cika hekta 2 ba.

To, ƙahon yana aiki? A ganina, tafi ɗaya na kashin shanu ba ya ciyar da hekta. Ba lissafin da zai nuna haka. A ƙasar Suwis akwai filin gwaji da aka buɗe tun 1978, ana gwada noman biyodinami da na biyo da na takin zamani kafaɗa da kafaɗa. An ga tana da ƙananan halittu sun fi yawa a filayen da ake ba takin dabbobi, an kuma ga amfaninsu ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ni na fi ba da ladan ga tarin takin da suke haɗawa, da garma, da ƙafar mai gona. Wanda ke tashi ya juya ruwa awa guda saboda gonarsa, zai ga cuta a ganye tun ran da ta fara.

Nan ne ya kamata mu yi hankali. Wani zai karanta wannan ya ce, ashe takin zamani guba ne, Turawa ma sun bar shi. A'a. Ciwonmu da nasu ba ɗaya ba ne. Su ƙoshi ya kashe ƙasarsu, mu yunwa ke kashe tamu. Ka tuna dokar sarki Filib: mai inabi ba ya son yawa, da gangan yake rage ƴaƴa don kuɗin kwalba ya hau. Mai gero kuwa damma yake ƙirga, bakuna suna jiransa a gida. Jigawarmu ba ta da wani sinadari da ake kira fosfor, ba kuma kowa ke da shanun da za su rufe gona da taki ba. Shi ya sa masu bincike a Sadore, kudu da Yamai, suka koya wa manoma sa takin zamani ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalba, a kowane rami. Suka ga ya fi aiki in an haɗa shi da takin gida da karan da aka bari a gona.

Abin da ya haɗa mu da Burgonya shi ne dabba. Dā, in an gama girbi, manomi yakan kira Bafulatani ya sauka a gonarsa da garke, ya ba shi dammunan gero. Shanu su ci kara, su bar taki. Abin da Steiner ya yi lacca a kansa ke nan, mu ba mu sa masa suna ba. Inda wannan amana ta lalace, gona ta rame. Inda aka bar gawo da kalgo suka tsiro a gona, kamar yadda manoman jihar Maraɗi suka fara tun tsakiyar shekarun 1980, ƙasa ta farfaɗo.

Rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa

Saura ajiya. Ana tsinke inabi wajen watan Satumba. A zuba shi cikin babban mazubi da fatarsa. Ya fara kumfa shi kaɗai ba wuta, kamar ƙullun waina da ya kwana. Zaƙinsa ya juye ya zama barasa. Ruwan fino fari ne, fatar ce ke ba shi launin ja. Bayan mako biyu ko uku a matse, a ɗura cikin gangunan katako. Gangar Burgonya tana cin lita 228, wato kwalba wajen 300.

Sai a gangara da su ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka gina da dutse. Can ba rana, ba iska mai kaɗawa. Rani da ɗari sanyinsa kusan ɗaya, digiri 12 zuwa 14, da ɗan laima. Ganga takan yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Katako yana shan kaɗan, iska ta sha kaɗan, sai a riƙa cikawa, don in aka bar sarari abin zai koma ruwan tsami. Bayan nan a ɗura a kwalba, a toshe da ɓawon wani itace da ke fitowa a Fotugal da Maroko da Aljeriya. Kwantar da kwalba ake yi. In ta tsaya, toshiya ta bushe, iska ta shiga. Mai kyau takan yi shekara 10 ko 20 a kwance, kaurinta yana raguwa.

Mu ma mun san ajiya tana da ilmi. Gero a zangarniyarsa cikin rumbu yakan yi shekaru, sussukakke a buhu ba ya kai haka. Amma rumbunmu bushewa yake so, nasu laima. Mu muna ajiya don yunwa, su don tsada.

Tsadar kuwa ta wuce hankali. Gonar Romanée-Conti ta ƙi aure har 1945, ana kare tsofaffin saiwoyinta da guba. Yaƙi ya sa gubar ta yanke, itatuwan suka raunana. A shekarar kwalba 600 kaɗai aka samu, sannan aka tumɓuke su, aka sake dashe a 1947. A watan Oktoba na 2018 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin kwalaben nan a birnin Niyok. An saye ta dalar Amurka 558,000, wato fiye da sefa miliyan 300. Kwalba ɗaya, ba ta cika lita ba. Ka lissafa rijiya nawa ke nan. A garin Bon dai akwai wani gidan marasa lafiya da aka kafa a 1443, mai gonakin inabi na sadaka. Tun 1859 yake gwanjon gangunansa, kuɗin su tafi ga jinya.

Yanzu ka komo Gaweye, ka tuna hanyar Faraku. Abin da aka raina a digiri 13 cikin duhu, ga shi a bayan mota a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Zafi yana dafa giyar inabi, ya kumbura ta har ta tura toshiya. Aikin shekaru yakan lalace a kwana kaɗan. Saboda haka mai sayar da ita a Yamai sai ya ajiye ta a ɗaki mai na'urar sanyi, lantarki yana ci dare da rana, don ya kwaikwayi abin da rami ke yi kyauta a Burgonya.

Kwalbar kuwa, in an shanye, ba ta komawa Faransa. Yara su tsince ta, a wanke ta da toka da sabulu, ta bi hanyar kasuwar Katako. Wata a cika ta da soyayyar gyaɗa, wata da man shanu, wata da zuma.